Tuwon Neman Aiki a Gidan Baba Arzika

Duk kun san marigayi Baba Arzika na Kalgo, mai fataucin busasshen kifi. Bai taɓa ɗaukar mutum aiki ba sai sun ci tuwo a akushi ɗaya. Na daɗe ina yi masa aiki, amma har yau in na tuna sai haushi ya kama ni. Bari in bi muku abin daki-daki.

Mai neman aiki na farko wani mai jakai ne daga Dodoru. Ya yi loma uku kafin Baba ya gama bisimilla. Baba ya ce, "Tashi. Yau ka riga ni ga tuwo, gobe kayana za ka riga ni."

Na biyu ya ji wannan labari, ya zo ya naɗe hannu, wai ya ƙoshi. Baba ya ce, "Tun daga zaure nika jin kukan cikinka. Ba ka fara aiki ba ka fara ƙarya?"

Na uku ni ne. Shekarar da ruwa ya cinye mana gona, matata da tsohon ciki, rumbu ba ko dami ɗaya, na tako daga Gwandu don na ji yana neman mai kula da ɗakin kaya. A hanya na tsara jawabina: asalina, littattafan da na karanta, sannan rubutun ajami.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Mu a gidanmu ba a cin abinci gaban babba, kifi kuma ban saba da shi ba.

Na ce, "Baba, da farko..."

Ya ce, "Ci."

Ina cika baki ya ce, "Ɗan wa kake?" Na tsame hannu zan amsa, ya ce, "Tuwon namu ka raina?" Haka muka yi har sau huɗu.

Na fid da rai, na koma cire ƙayar kifin. Ban san inda ake zubarwa ba, ƙazanta kuma ba na so, sai na jera su a bakin tabarma, manya gefe, ƙanana gefe.

Baba ya leƙo. "Mi ne ne wanga?"

"Ƙaya ce, Baba."

"Tun ba a haifi ubanka ba na san ƙaya. Wa ya ce ka jera ta?"

"Ba kowa."

"Gobe da hantsi ka zo ka amshi makulli."

Na ce, "Karatun nawa fa?"

Ya ce, "Mayar ma malaminka. Ni kifi nika saidawa."

Shekara tara ina durƙuso gaban malam, ƙayar kifi ce ta ciyar da iyalina!

Sai da na shiga gidan na gane wani abu. A shekarar yunwa, kullum sai ya aika a ce yana neman ɗan aiki, alhali babu aikin. Magidanta su zo su ci su ƙoshi, ya kore su da faɗa, su koma gida ba wanda zai ce sun yi roƙo.

Allah ya jiƙan Baba, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa mutane.