Allurar Malam Modu

Safiyar Laraba ce. Na dama kunun gero ba suga, na rufe. Mijina Malam Modu yana kan tabarma yana duba yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda likita ya koya masa tun da ciwon suga ya kama shi. Bai taɓa tsallake allurarsa ba. Ko ranar aurar da 'yarmu sai da ya bar baƙi ya shiga ɗaki ya yi ta.

Ruwan allurar ba ya son zafi, ƙauyenmu kuwa ba wuta. A shagon Bukar muke ajiye shi, cikin firiji mai sola. Bukar amininsa ne tun ƙuruciya, akushi ɗaya suke ci. Kullum da safe ni nake zuwa in karɓo.

Ranar na tarar da kwaɗo a ƙofar shago. Na zaga gidansa. Ba matarsa, ba yara, ba ko akuya. Sai sawun mota a rairayi.

Wajen ƙarfe takwas na ji babura daga gabas. Da yawa. Sai harbi, ɗai-ɗai da farko, daga baya ba tsayawa. Wani yana ihu a bakin kasuwa: "Kowa ya kwanta!" Na bi ta bayan katanga na isa gida. Rumbun maƙwabtanmu ya riga ya kama da wuta. Na ja Malam muka fita ta dangar baya. Takalmi ɗaya ya samu sawa.

Muka yi yamma, cikin gonaki. Da hantsi ƙaya ta shige masa tafin ƙafa, bai ma ji ba. Ni na ga jini a sawunsa. Na cire ta, na ɗaure wurin da ɗankwalina. Da azahar ƙishirwa ta fara cinsa. Duk rijiyar da muka samu sai ya sha kamar ba zai daina ba, ya tsuguna fitsari, mu ci gaba. Sau biyu ya ce min Allah ya sa Bukar ya tsira da iyalinsa.

Washegari da la'asar wani mai amalanke ya kai mu Gashua, gidan 'yarmu. Malam ba ya gane mutane. Aka sa masa ruwa, aka yi masa allura, ya farfaɗo. Amma ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Aka tura mu babban asibiti a Nguru. A can aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Muna jinya na shiga kasuwar Nguru neman lemon tsami. Sai ga Bukar a sabon shago, firijin na aiki, yana sayar da ruwan sanyi. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Ban ɗaga murya ba. Na tambaye shi yaushe ya san za a kawo hari. Ya ce tun Litinin wani mai sayen fetur a wurinsa ya raɗa masa. Ya ji tsoron in ya faɗa wa kowa maharan su gane cewa shi ya tona. Na tambaye shi maganin.

"Na fitar na ajiye a kan kanta, Yaya. Na ɗauka za ku fasa ƙofar."

Ban gaya wa Malam ba. Har ya bar asibiti yana tambayar mutanen ƙauyenmu ko an ji labarin amininsa.

Ya koma kan allurarsa, ba fashi. Amma jikin bai koma daidai ba. Inda aka yanke bai rufe ba, ciwon ƙoda ya biyo baya. Kafin girbi ya rasu a ɗakin 'yarmu, bayan sallar azahar.

Idan mutanenmu suka zauna suna lissafa waɗanda aka kashe ranar Larabar nan, ba sa ambaton Malam Modu. Ni da shi nake farawa.