Mai Taimakon da Ba a Kira Ba

Wata rana, tsakiyar damina, wani bawan Allah a layinmu ya fito da ƙaton mashin ɗinsa ƙofar gida. Irin mai kafireto biyu ɗin nan.

Ɗaya na zuƙa, ɗaya na lalaci. Mashin sai rawar ɗari.

Ga tsohonsa kwance a ƙauye yana jiran magani, hanyar kuma ruwa ya cinye, sai mai ƙafa biyu ke shiga.

Ya samo siririyar roba irin ta ƙarin ruwa, ya ɗura baƙin mai, ya lanƙwasa ta, ya soka kowane baki a kafireto ɗaya. In man ya tsaya kai ɗaya a ɓangarorin biyu, an daidaita ke nan.

Aiki ne na lallashi. Ka murɗa noti kamar kana cire wa jariri ƙaya.

Ni da na taɓa kai mashin Agadas ba birki, hannuna na aljihu. Ido kawai na sa.

Saura ƙiris ya gama aka kira Azahar. Ya kashe, muka wuce masallaci.

Muna fitowa sai hayaƙi. Layi kamar an toya taya!

Ashe wani mai shan rake a gindin darbejiya ne ya ga makulli a jiki. Ya tayar, ya ɗau sukudireba, ya yi wa notin murɗar famfo. Ɓangare ɗaya ya zuƙe man robar kaf. Fulogi ya jiƙe, mashin ya yi shiru.

Mai mashin ya ce, "Malam, wa ya sa ka?"

"Haba ɗan'uwa, ji na yi yana tari. Yanzu taimako ma laifi ne?"

Wallahi ba don alwalata ba, da raken nan zan gyara masa nasa kafireton.

Bawan Allah ya jingine mashin ɗinsa. Ya ƙulle maganin a leda, ya hau bayan a-kori-kura, sauran hanyar ya taka cikin taɓo. Da ya dawo washegari, ƙafa duk kaushi ya fashe.

Shi ko gwanin yana nan gindin bishiya, yana faɗa wa mutane wai mashinan Turai ba su da ƙarko.

Darasi: Abin da ba kai ka fara ɗaurawa ba, kar ka kwance. In hannunka na ƙaiƙayi, ga aljihu nan, kyauta ne.

Ku tura wa gwanin unguwarku. Kowa ya san nasa.