Fitilun Gidan Doña Herminia

Doña Herminia Cintrón ta riga ƙungiyar masu gidaje zuwa unguwarsu a garin Caguas. Lokacin da suka tare a can ita da mijinta Eusebio, babu katanga, babu mai gadi, balle wata doka. Ita ɗinkin kayan makaranta take yi a baranda, shi direban motar burodi ne. Duk Nuwamba sai ya jingina tsani, ya naɗe mangwaron ƙofar gida da fitilun Kirsimeti masu launi-launi, yana waƙa da muryarsa marar daɗi, ita tana ƙasa tana faɗa kada ya faɗo.

Bai taɓa faɗowa ba. A kan kujera zuciyarsa ta tsaya, ana gab da Kirsimeti, bayan ya gama ɗaura na shekarar.

Dokar ƙungiya ta ce kowa ya sauke adon gidansa kafin Janairu ta ƙare. Har Maris fitilun Herminia suna nan. Ba ta kunna su, ba ta kuma yarda a taɓa. Rana ta kashe launinsu, ruwa ya shiga wasu.

Shugabar ƙungiyar, Maritza, 'yar aminiyarta ce, kuma Herminia ce ta riƙe ta a coci ranar baftisma. Ta zo da hantsi, ta sha kofi, ta yi ta kewaye-kewaye.

"Inna, maƙwabta fa suna magana. Ni ake caccaka a taro, wai ina son kai."

"Wa ke maganar? Efraín, wanda karensa ke kashi a ƙofata?"

"Ba shi kaɗai ba. In na ƙyale ki, sai na ƙyale kowa. Zan turo mai lambu, ba sai kin hau tsani ba."

"Tsani ne damuwata? Dubi yadda ya ƙulla wayar can. Hannun Eusebio ne fa."

Maritza ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye maganar ba.

Ranar Asabar mai lambu ya zo. Ya yi ya yi ya kwance ƙullin ya kasa, sai ya sa almakashi. Herminia ta shige ɗaki, ta yi ta taka keken ɗinki babu yadi, don kada ta ji.

Da damina ɗanta Wilfredo ya zo daga birnin Orlando ya tafi da ita. Maritza ta kawo kwanon shinkafa da wake na sallama. Herminia ta karɓa, ta ce, "Na gode, Shugaba." Ba ta taɓa kiranta haka ba.

Kafin shekara ta fita Maritza ta ajiye muƙamin. Gidan Herminia har yanzu a kulle yake, ba a samu mai saye ba.