Sunan da Salisu ya raɗa mini a kunne

Shekara goma sha biyu ke nan da muka binne Salisu a Landan, kuma a makon nan na ci amanarsa.

Salisu ɗan zangon Kumasi ne, ni kuwa daga Zariya. Muna samari muka haɗu a unguwar Deptford ta Landan, a wani ɗaki saman kantin kifi, shi da jita, ni da ganga, da wasu abokai biyu da su ma yanzu ƙasa ta rufe musu ido. Kiɗan rok na Turawa muke yi, irin mai sa maƙwabta buga bango. Mahaifinsa malami ne, karatun harhaɗa magunguna ya turo shi. Da labarin jita ya isa gida, Malam ya daina amsa gaisuwarsa, har ya koma ga Allah bai sauko ba.

Da muka kafa ƙungiyar kiɗanmu, Salisu ya kafe sai an yi mata suna ranar bakwai kamar jariri. Muka yi ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa. Ya sayo goro da dabino, kaji biyu suka tsaya a madadin rago. Da aka zo raɗin suna sai ya jawo ni gefe, ya raɗa mini sunan mahaifinsa, ya ce shi ne sunan ƙungiyar. To, a wajenmu ɗa ba ya kama sunan uba, don haka yaron da ya ci sunan kaka sai a yi masa laƙabi. Shi ya sa 'yan shekara ashirin masu tulin suma muka riƙa hawa dandamali da sunan Dattijo. Ya ce mini, "Aboki, kar kowa ya ji. In ya kai Kumasi, cewa za a yi na ja sunan Malam cikin gidan rawa." Na yi masa alkawari.

Yanzu ga shi yaran Landan sun tono tsohon faifanmu, suna saurare a waya. Da yana nan, na san dariya zai yi, ya tambaya ina suke lokacin da muke kiɗa wa kujeru. Ni kaɗai na rage ina karɓar tafi, kuma ba ya yi mini daɗi.

'Yarsa Hadiza, haihuwar Landan, ta same ni a gidan abinci a Old Kent Road, da tsohon ciki. Likita ya ce namiji ne. Ta ce, "Uncle, Mama ta yi suggesting sunan kakana. Ni ba zan sa ba. Daddy bai taɓa ambatonsa ba, ya tsane shi." Na daɗe ina juya cokali. Shekaru ina kallon yarinyar nan tana ɗaukar kunyar ubanta a matsayin ƙiyayya, ina shiru don na riƙe alkawari. Na faɗa mata komai. Ta yi kuka, ni ma na yi.

Ban sani ba ko zai yafe mini. Malam ya rasu, masu tsegumin zango ma yawancinsu sun bi shi, amma alkawarin ba da su na yi ba, da Salisu na yi. Faifai zai tsufa, tafin ma zai ƙare. Abin da ya rage na Salisu shi ne, ɗa ne da aka juya wa baya, bai fasa girmama ubansa ba. Hadiza ta ce za ta sa sunan, kuma ni take so in raɗa wa yaron a kunne. Allah ya jiƙanka, aboki, ka yi haƙuri da ni.