Mutumin La'asar

Yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zana wa mutane gidaje, shi kuwa har yau a gidan haya yake. Mai Rula ake ce masa a layin shagunanmu, tun zamanin da yake aiki da fensir a kan tebur, kafin 'yan kwangila su ce ba sa karɓar zane sai na kwamfuta. Da furfurarsa ya koya, yana danne-danne da yatsa ɗaya kamar mai tsoron ƙuna. Shagonmu ɗaya, shi a ciki, ni a bakin ƙofa da injin fotokwafi, don haka duk tsakin da ya ja a kunnena yake sauka.

Manhajar zanen ba ta buɗewa sai da mabuɗi, wasu haruffa da lambobi da kamfani ke sayarwa, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu ko da an haɗa da injina. Ni na samo masa wani mai sayarwa da araha a intanet, wanda ba mu san komai nasa ba sai lambar waya. Ya rantse mana rarar lasisi ce da wani ofis ya saya bai yi amfani da ita ba.

Mijin ƙanwarmu malamin makaranta ne, kuma ba ya ganin magana ya wuce. Duk yamma sai ya biyo ya zauna mini a kan kwalin takardu.

"Kayan sata ne, Yaya," in ji shi. "Araha ba ta ado. In halal ne, me ya hana shi ba da rasit?"

Ni kuma in ce, "Wa aka yi wa satar? Mutum ya sayi buhu ya sayar da ragowa, sai ya zama ɓarawo? Kamfanin nan ko a jikinsa."

Haka muke yi har mu gaji. Yaya kuwa yana ciki yana aikinsa.

Ana nan, wata rana da la'asar manhajar ta rufe kanta, rubutu ya fito cewa ana amfani da wannan mabuɗi a wata na'ura. Ashe mu biyu aka sayar wa. A ƙasan rubutun akwai wurin da za ka danna ka fitar da wancan. Yaya ya danna, ya koma aiki. Ba a jima ba aka fitar da shi. Ya danna, aka danna. Makonni suka yi suna wannan kokawa da wanda bai taɓa gani ba, har rannan ya rasa zanen bene guda da bai adana ba. Ranar na ji zagi a bakin Yaya, abin da ban taɓa ji ba tun tasowarmu.

Gajiya ce ta raba faɗan. Wata rana da aka fitar da shi, sai ya tashi ya tafi salla ya bar kwamfutar. Daga nan ya lura wancan ba ya taɓa zuwa da safe. Safiya ta zama ta Yaya, yamma ta zama ta wancan, ba tare da an yi magana ko ɗaya ba. Ya sa masa suna Mutumin La'asar. Kafin lokacin ya yi, zai adana aikinsa ya rufe da kansa, wai kada a sa bawan Allah jira.

"Da alama yana da wani aiki da safe," yakan ce. "Ko kuma a ƙasarsu yanzu gari ke wayewa."

In ta kama ya leƙa da yamma ya tarar babu kowa a ciki, sai ya shiga damuwa, ko yaro ne ba lafiya a gidan. Ina yi masa dariya, amma abin yana ba ni tausayi.

Sai babban ɗan kwangilarsa ya kawo aikin rukunin shaguna, ya ce da gaggawa yake so, in ba haka ba akwai samari masu saurin hannu. Shi kaɗai ya rage wa Yaya cikin masu kawo aikin kirki. Rabin yini ba zai isa ba, ga shi da magariba ake kulle ƙofar layinmu. Na buga wa mai mabuɗi waya. Ya ce mu ƙara ɗan wani abu, ya kulle mana shi mu kaɗai.

Yaya ya karɓi wayar ya ce, "Ɗayan fa?"

"Shi ya sani, Baba. In ya riga ku ƙarawa, shi zan bar wa."

Da yamma malam, mijin ƙanwar tamu, ya ce ai ga shi nan, ɓarawo ya nuna halinsa. Na ce ɓarawo ko waliyyi, a biya kafin a riga mu. Yaya ya cire tabarau ya murje idanunsa.

"Ku kullum kamfani, kamfani," in ji shi. "Ni ban taɓa korar kamfani ba. Mutum nake kora, kuma shi ma kuɗinsa ya biya."

Ya yi ta jan ƙafa har ɗan kwangila ya fara buga waya ba sallama. A ƙarshe ya biya. Aikin ya fita a kan lokaci, har aka yaba, malam ma ya sami wani batun da zai riƙa damunmu da shi.

Yanzu manhajar ba ta rufewa, yini guda nasa ne. Amma da la'asar ta ƙarato sai in ga ya adana aiki ya rufe, ya ɗora hannuwa a gwiwa yana kallon allon. Jiya abin ya ishe ni.

"Yaya, ka ci gaba da aikinka mana. Ba mai zuwa fa."

"Yana zuwa," in ji shi, bai ko juyo ba. "Yau ma ya gwada. Ni ne dai aka daina nuna wa."