Lauyar da Ta Ƙi Jin Sunan Mutumin

Kafin masu shara su gama da baranda, Hajiya Dakata ta riga ta shige ofishinta, ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene da a da muke jibge tsofaffin kaset a ciki. Za ta rataya jaka a ƙusa, ta tsiyaya shayi daga filas, ta ce a turo mata abin da za a watsa yau. Kowane rahoto sau biyu take binsa. Da farko ta juya kujera ta fuskanci bango, ta saurari murya kawai. Sannan ta juyo, ta kashe sauti, ta zuba wa hoton ido: lambar motar da ta gifta, allon shago, fuskar da ta leƙo ta bayan mai magana. In ka ji ta ce "dakata", to ranarka ta ɓaci. Nan ta samo sunan, kuma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba.

Ita ce lauyar gidan talabijin ɗinmu, ƙarshen watan nan kuma take ajiye aiki. Edita ya ce ni zan rubuta jinjinarta, wai na fi kowa shan faɗa da ita. Na karɓa da ƙarfin gwiwa, na zauna, sai kaina ya kulle. Direba, a ce ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mai kyamara, a nuna hotunansa. Ita fa? Aikinta duk abin da bai faru ba ne, ƙarar da ba a shigar ba, mutuncin da bai zube ba. Wallahi ban san ta inda ake kama yabon abin da bai faru ba.

Na zagaya na tambayi mutane, sai suka ƙara rikita ni. Mu na ɗakin labarai mun daɗe da yanke cewa ta manyan da ke saman bene ce, an ajiye ta ta riƙa toshe mana baki. Sakataren Manaja ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce su can sama nasu ƙorafin shi ne ta cika goyon bayan 'yan rahoto. Mai kyamara ya ce ta taɓa mayar da shi kasuwa cikin rana tsaka, ya nemo wata mai sayar da kayan miya ya tambaye ta ko ta yarda a nuna fuskarta tana kuka. Matar ta ce ba ta yarda ba, aka cire. Ya ce har yau yana jin haushin hoton, kuma har yau idan ya bi ta layin matar sai ta kira shi ta gaishe shi. Na ce to yabo kake yi ko ƙorafi? Ya ce oho.

Bari in faɗi nawa, ko a wajen faɗin zan gane.

Wani mutum ya taɓa nemo ni. Ma'aikacin sito ne a wani kamfani mai rarraba madarar jarirai. Ya ce gwangwanayen da wa'adinsu ya wuce ba a zubar da su, goge kwanan ake yi a buga sabo. Ya ce shi ma yana da jaririya a gida, abin ya hana shi sukuni. Sharaɗinsa ɗaya, kada sunansa ya fita. Albashin nan ne ke riƙe da matarsa da 'ya'yansa da mahaifinsa da ke kwance, kuma masu kamfanin ba mutanen da ake taka wa ƙafa a kwana lafiya ba ne. Na ɗora hannu a ƙirji na yi masa alkawari.

Na sauko ofishin Hajiya cike da murna. Na zayyana mata komai, na buɗe baki zan ce sunansa wane, sai ta ɗaga hannu.

"Dakata, ƙanena. Kada ka faɗa mini."

Na ce Hajiya, ke ce fa lauyarmu.

"Ni lauyar gidan nan ce, ba lauyarka ba. Abin da ya shiga kunnena, in gidan ya tambaya, na gidan ne. Riƙe abinka."

Na fito raina a ɓace. Wace irin lauya ce wannan da za ka kawo mata amana ta toshe kunne? Na gaya wa Edita cewa tsoro take ji, tana neman ta wanke hannunta tun kafin ruwa ya zo.

Ba ta tsaya nan ba. Ta hana labarin fita. Ta ce ba za ta bari ya tsaya da ƙafar mutum ɗaya ba, sai ya tsaya da tasa. Ta tura ni shago-shago ina sayen madara kamar mai ƙaramin goyo, har matata ta fara yi mini kallon da ban gane ba. Ta sa aka kai gwangwanayen wurin masu gwaji, aka ga tsohon bugu a ƙarƙashin sabo. Ta sa na kira kamfanin in ji ta bakinsu. Da muka ɗauki mutumin da fuska a rufe da murya a sauye, ta kashe sauti ta kalla, ta ce a sake, wai tabon ƙuna na bayan hannunsa ya fito. Ni da na zauna gabansa ban lura ba. Sannan ta ɗauki jimlar da na fi so, inda na ce yara na mutuwa, ta datse. Ta ce in kawo mata yaro ɗaya da likita ya ce madarar ce. Ban da shi.

Labari ya fita, gari ya ɗauka. Kamfanin ya maka mu a kotu. Bayan an fara zama sai suka aiko da saƙo ta bayan fage: a ba su sunan wanda ya yi magana, su janye.

Manaja ya tara mu. Ba mugun mutum ba ne, mutum ne da ke kallon ma'aikata cike da gida yana tunanin ranar da za a garƙame ƙofa. Ya juya wajen Hajiya ya ce a matsayinta na lauyar gidan, ta faɗa masa ko wane ne. Ta dube shi ido cikin ido.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

Ya ce ta daina wasa. Ta ce in yana so ta rantse za ta rantse. A nan ne na tuna hannun nan da ta ɗaga mini. Ta ci gaba a natse, ta ce shawararta ga gidan ita ce kada a nema ma, domin ranar da muka sayar da mutum ɗaya, babu wanda zai sake buɗe mana baki, kuma gwangwanayen sun isa su yi magana a gaban alƙali. Manaja ya ce ya ji, amma shi ke da gidan. Ya juyo kaina. Na ce na yi alkawari. Ya ce to in je gida in yi tunani.

Kun san wa ya rubuta takardar dakatar da ni? Ita. Da hannunta, babu kuskure ko na waƙafi. Ta miƙo mini, ta ce umarnin gidan ne kuma yana bisa ƙa'ida. Na tsaya ina kallonta kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ina kai bakin ƙofa ta ce in nemi lauya nawa na kaina a waje, ta faɗi sunan wani abokin karatunta, ta ce in ce ita ta aiko ni. Yanzu don Allah, mai yi maka haka masoyinka ne ko maƙiyinka? Na kwashe makonni a gida ina juya tambayar, matata na cewa in ci abinci in bar wa Allah.

Hajiya, ke ce kika riƙa hawa benen nan kullum kina maimaita wa Manaja magana ɗaya har ya gaji ya ce a dawo da ni. Sakatarensa ne ya faɗa mini, ke ba ki taɓa ɗaga zancen ba. Ke ce kika ɗauki kwalin gwangwanaye a ka kika shiga kotu. Garkuwar da ba ta zaɓar wanda za ta tsaya wa sai ta duba gaskiya. Na yi shekaru ina kiranki mai toshe baki, ga shi bakin da kika toshe ya fi wanda na buɗe amfani. Har yanzu ina jin zafin takardar nan, ba zan ɓoye miki ba. Har yanzu kuma ban san wanda zan so ya zauna a kujerarki in ba ke ba.

Shari'ar ba ta ƙare ba. Mun yi nasara a kotun farko, sun ɗaukaka ƙara, tana can tana jan ƙafa. Mutumin yana nan a siton, yana zuwa aiki yana dawowa, babu wanda ya san shi ne. An daina goge kwanan. Jaririyarsa ta shiga makaranta.

Da ya ji Hajiya za ta ajiye aiki, ya kira ni. Ya ce yana so ya zo ranar walimar ban kwana, ba zai yi magana ba, zai tsaya a baya ne kawai, in an tashi ya gaishe ta ya tafi. Na ga abin ya yi kyau. Na sauka da saurina na faɗa mata. Ta ajiye kofin shayi. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Kada ya zo. In na ga fuskarsa na san shi, kuma har ƙarshen wata ni ta gidan nan ce. Bayan nan ma ana iya kirana a tambaye ni. Ka ce masa ya riƙe aikinsa."

To ga inda muka tsaya. Za a cika ɗaki da mu da muka yi ta zaginta a bayan ido, mu tafa mata, shi kuwa wanda ya fi kowa cancantar ya gode mata ba zai taka ƙofar ba. Ku matasan lauyoyi da za ku gaji wannan ɗaki na ƙarƙashin bene, ba zan ce muku na gane aikin ba. Abin da na gani shi ne, ku faɗa wa mutum gaskiyar wanda kuke yi wa aiki tun kafin ya buɗe baki, ku kuma koyi abin da bai kamata ku sani ba. Mun gode, Hajiya. Allah Ya ba ki hutu mai albarka, Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa wani.

Na koma na faɗa wa mutumin amsarki. Sai ya ce in rubuta miki cewa kullum bayan sallah 'yarsa tana yi wa wata mata addu'a, ita ma ba ta san sunanki ba.