Matar da Ta Riƙe Hannun Ɗanta

Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Roni, ta hanyar Gwiwa. Mu Kirista gidajenmu kaɗan ne, da 'yar majami'armu ta ƙasa mai rufin kwano. A nan na tashi a hannun kakata ta wajen uba, Kaka Talatu. Idan an gama girbi sanyi ya shigo, da an ci tuwo sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta yi mana addu'a, gajeriya, ido a buɗe don kada gyaɗar ta ƙone.

Yawancin tatsuniyoyinta na ban dariya ne. Akwai guda ɗaya da ba ta cika yi ba, kuma ranar da za ta yi ta, muryarta kan yi ƙasa.

"Ga wata nan tafe gare ku," in ji ta.

"Ta iso, Kaka, muna ji."

Wai an yi wata mata mai ɗa guda. Ciwo ya kama yaron, ta kai shi duk inda aka ce akwai magani, bai samu sauƙi ba. Sai ta shiga daji ta durƙusa, ta roƙi Ubangiji a wannan karon dai ya bar mata hukunci a hannunta. Ubangiji ya amsa mata cewa muddin tana riƙe da hannun yaron, ransa ba zai fita ba. Ta koma gida da murna ta kama hannunsa. Yaro bai mutu ba, bai kuma warke ba. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta cinye gonarta. Sa'o'insa suka girma suka yi aure, shi yana nan kan tabarma yana nishi. Ran nan ya dube ta ya ce, "Inna, na gaji, ke ma kin gaji. Mayar da ni ga wanda ya ba ki ni." Ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta buɗe yatsunta a hankali.

A nan Kaka take tsayawa, ta shiga tono gyaɗa da tsinke.

"To Kaka, ya mutu ko ya warke?" Ni ce kullum mai tambaya.

"Saratu, ba a gaya mini ba. Ni dai an ce ta saki."

"Ai wannan ba ƙarshe ba ne."

"Iyakar nata ke nan, sauran na Mai shi ne. Ta ƙare, ku ɗebi gyaɗa."

Haushin tatsuniyar nan nake ji a lokacin. Sai da na yi wayo mahaifina ya gaya mini cewa cikin duk 'ya'yan da Kaka ta haifa shi kaɗai ya rayu. Ƙyanda da zazzaɓi suka kwashe sauran, suna kwance a bayan majami'ar da take sharewa kowace Asabar.

Kaka ta rasu kafin in yi aure. Na auri Yohanna, malamin makaranta a Kazaure, Allah ya ba mu 'yar fari, Rahila, aka haife ta da sikila. Yarinya ce mai surutu da son waƙa, amma idan ciwon ya tashi sai ta naɗe kamar ƙaramar kyanwa, ƙasusuwanta na sara. Na yi azumi, matan zumunta na majami'a sun zo sun yi ta addu'a, na yi wa Allah alkawura iri-iri. Ran Lahadi idan jama'a na karanta Addu'ar Ubangiji suka zo wurin da ake cewa a yi nufinsa, bakina kan yi nauyi, domin ina tsoron abin da nufin zai zama.

Shekarar da ta shiga sakandare ciwon ya kwantar da ita a asibiti, aka yi ta ƙarin jini ba canji. Wata safiya ina durƙushe a gefen gadonta ina roƙo da ƙarfi, sai ta taɓa kafaɗata.

"Mama, addu'arki kamar faɗa take. Yi mini mai sanyi, irin ta Baba."

Da ƙyar na ce, "Ya Yesu, ga Rahila. Taka ce tun kafin ta zama tawa. Ka yi yadda ka ga ya fi." Ta ce amin, ta yi barci. Washegari da rana ta cika.

Ba zan ce na sami salama nan take ba. Na dai gane dalilin da ya sa Kaka ba ta taɓa ƙarasa mana labarin ba: miƙa wuya ba ciniki ba ne, ba a yin sa don a ji yadda za ta kaya. Na kuma gane ba sau ɗaya ake yi ba. Kowace safiya sai na sake miƙa Rahila ga Allah, wata rana da sauƙi, wata rana da hawaye. Hanyata ta zuwa kasuwa ta ƙofar makarantarsu take bi. 'Yan ajinsu sun yi tsawo yanzu, har sun fara zancen jarrabawar fita. Suna ganina sai su rusuna su ce, "Ina kwana, Maman Rahila." Nakan amsa, in kira kowacce da sunanta, in sa musu albarka, sannan in wuce.